Ranar da algaita ta suɓuce wa Baba

Ana tsaka da bikin kamu a Ƙofar Wambai, algaita ta suɓuce daga hannun Babana ta faɗi ƙasa. Makaɗa suka tsaya cak. Ya sunkuya zai ɗauka, yatsunsa suka ƙi kamawa.

Ashe ya daɗe yana ɓoye mana cewa yatsu uku na hannun damansa suna mutuwa, har ba ya jin hudojin algaitar.

Washegari na kai shi asibiti. Likita ta lanƙwasa masa wuyan hannu ta riƙe, ya ce kamar ana tsira masa allurai. Ta ce jijiya ce ta matse a wurin. Za a fara da ɗaure hannun a hutar da shi, in bai yi ba a yi allura, in ta ƙi sai tiyata.

Baba ya ce, "Likita, in aka yanka, zan sake busa?"

Ta ce, "Baba, ba zan yi maka alkawari ba, amma da yawa suna komawa sana'arsu. Abin da nake tsoro shi ne ka ci gaba da daurewa har jijiyar ta lalace."

Muka hau adaidaita muka koma. Muna shiga gida ya miƙo min hannun ya ce, "Hauwa, ɗaure min."

Yau mako uku, yatsun ba su farfaɗo ba, Litinin za a yi allurar. Ban san mai ƙarfin hali ma yana tsoro ba sai yanzu. Wanda ya taɓa wannan ciwon, don Allah ya faɗa mana yadda ta kaya.