Akawu da Akwatin Haruffa

Ni ban yi boko mai zurfi ba. Aji huɗu na taka na fito, kuma malaminmu bai yi kukan rabuwa da ni ba. Amma a shekarun da ake haƙa magudanan ruwan Bakolori, da wuya ka ga katin aure ko rasit ko takardar sanarwa a Talata Mafara wadda ba yatsuna suka jera ba.

Maɗaba'ar ta wani Alhaji ce, shago guda a bayan tasha, da injin takawa da ƙafa wanda ya sayo na hannu daga Sakkwato. Aikina jera haruffa. Na dalma ne, kowanne bai fi guntun tsinken ashana ba, suna zaune cikin faffaɗan akwatin katako mai gurabe, kowane harafi da ɗakinsa. Ba a bin a, b, c. Wanda aka fi ɗauka yana tsakiya kusa da hannu, wanda ba a cika nema ba yana can gefe. Mai jera haruffa ba ya duban akwati. Ido yana kan rubutun da aka kawo, hannu kuwa ya san hanyarsa kamar yadda ya san hanyar baki. In an gama bugawa a wanke haruffan da kananzir, a watsa su gidajensu, nan ma ba a dubawa. Ina iya yi ina gardamar dambe da mai shayin ƙofar shagon.

Ana nan sai Allah ya jarabce ni da ɗan 'yar'uwar Alhaji. Ya yi aikin buga tafireta a ofishin masu gina dam, aka gama da shi aka sallame shi, ya dawo mana da biro uku a aljihun gaba. Akawu nake ce masa, har yau ma haka nake ce masa. Ranar da ya fara zuwa, Alhaji ya tara mu ya ce:

"Shagon ga ba ya ɗaukar mutum biyu bisa kujera guda. In anka yanke alkama zan duba wanda hannunai ya hi sauri, shi zauna."

Kujerar da ake magana tawa ce. Gindina ne ya lotsa ta.

Akawu ya zagaya akwatin yana kallonsa kamar likitan dabbobi da ramammiyar saniya.

"Yaya, wanga akwati wa yat tsara shi?"

"Wanda yat tsara shi ya rasu, Allah shi jiƙan shi, kuma bai bar wasiyyar a taɓa ba."

"Ai zamani ya wuce haka."

"To ka bi shi mana, Akawu, kada shi bar ka."

Bai bi shi ba. Kowace Talata in kasuwa ta watse na tafi gida, sai ya tsaya ya yi abin da yake kira gyara. Laraba da safe in tarar da takarda manne a bango, an buga ta da tafireta, a samanta an rubuta Sabon Tsari, a ƙasa an lissafa ɓarnar da aka yi mini.

Gyaran farko, ya liƙa wa kowane gurbi 'yar takarda mai sunan harafin, kamar a rubuta wa mutum sunan matarsa a goshinta don kada ya manta. Na haƙura. Na biyu, ya ɗora akwatin kan teburi mai gangare, wai haka Turawan kamfani suke yi, sai da na sa bulo ƙarƙashin kujerata kafin hannuna ya kai. Na haƙura. Na uku shi ne ta'asar: ya kwashe haruffan kaf, ya sake musu gidaje, a, b, c, har ƙarshe, kamar 'yan firamare a layi.

Na kai ƙara wajen Alhaji. Ya ce, "Yaron ga ya zauna da Turawa. Bar shi shi gwada." Ban san zama da Turawa yana sa mutum ya iya abin da bai taɓa yi ba, amma kawunsa ne mai shago.

Makon nan wani falken albasa daga Bakura ya kawo katin aure. Na jera shi da ido, harafi bayan harafi, ina gumi kamar sabon shiga. Katin ya fita lafiya. Sai da aka zo watsa haruffa mai shayi ya leƙo ya ce ɗan damben da nake so ragon banza ne. Ba zan ji wannan in yi shiru ba. Baki ya shiga gardama, hannu ya kama aikinsa, ya mayar da kowane harafi tsohon gidansa, gidan da yanzu wani ke ciki. Har gobe ban ga laifin hannun ba. Abin da aka koya masa ya yi.

Washegari wani malami daga Morai ya kawo sanarwar walimar saukar karatun ɗalibansa. Akawu ya ce shi zai jera. Shi kuwa 'yan takardunsa ya yarda da su, bai taɓa juya harafi ya duba fuskarsa ba. Ya jera, ya buga, ya ɗaure, ya miƙa. Da la'asar malamin ya dawo, ya yi doguwar gaisuwa, ya tambayi iyali da gajiya da ruwa, sannan ya ajiye ƙunshin gaban Alhaji ya ce, "Alhaji, na karanta Hausa, na karanta Larabci, ina taɓa Hillanci. Wanga harshe kam ban san mutanen da ka yin shi ba."

Wa aka duba? Ni. Akawu ya ce tsarinsa ba shi da aibu, tsohon hannu ne ya ƙi karatu. Alhaji ya kalli kujerata, ya daɗe yana kallonta.

A lokacin alkama ta fara ja. Na koma gida na haƙa gurabe a tsakar gida kamar na dara, daidai da tsarin Akawu, na tara ƙwallon dabino da tsakuwa. Kullum bayan la'asar ina tsugune ina jefawa, ido a rufe, ina kiran haruffa. Matata ta kalle ni kwana da kwanaki, sannan ta ce, "Maigida, in ciwon ne ka hwaɗa mini da wuri a yi maka rubutu." Awaki suka cinye mini rabin haruffa. Ban fasa ba, sai da na kankare tsohon akwatin daga yatsuna na dasa na Akawu. Na dawo ina jerawa ina gardamar dambe. Har na fara tausayin yaron, Allah ya yafe mini wannan tausayi.

Ana gab da gama yankan alkama Alhaji ya aike shi Gusau sayen tawada. A can ya shiga wata babbar maɗaba'a, ya ga akwatinsu. Laraba da safe na tarar da sabuwar takarda a bango: Sabon Tsari Irin Na Birni. Na duba akwatin. Tsohon tsarina ne, gurbi da gurbi, babu abin da ya ragu.

"Yaya, ka gani? An sa waɗanda aka yawan ɗauka kusa ga hannu. Dabara ce ta zamani."

"Akawu, wanga shi na wanda kat tarar."

"A'a. Wancan ba ya da takardu."

Ranar nan Alhaji ya zo da kujerarsa ta ƙarfe, ya ba mu sanarwa iri ɗaya ta manoman shinkafa, ya ce kowa ya jera. Ni na fara. Hannuna ya tashi zai tafi sabon gida, ya tuna tsoho, ya tsaya a sama kamar baƙo a mararraba. In na bar shi ya ɗauko ba daidai ba, in na duba da ido in ɓata lokaci. Akawu kuwa hannunsa bai taɓa sanin komai ba, saboda haka babu abin da zai manta. Ya bi 'yan takardunsa yana tsinta ɗaya-ɗaya kamar kaza, ya fi ni sauri.

Alhaji mutum ne mai kunya. Bai ce ya kore ni ba. Cewa ya yi yana da gonar albasa wajen Dosara wadda take son mutum mai amana. Na ɗauki bulona na fita, don shi dai nawa ne.

Albasa ta rufa mini asiri, ban ce ba ta yi ba. Amma ba ita na roƙa ba.

Yanzu mun tsufa, ni da Akawu. Shagon ya koma na kwamfuta, shi da jikokinsa suke tsara littattafai da katuna a ciki. A wajen jana'iza muke haɗuwa, mu gaisa gaisuwa mai tsawo, kowa ya tambayi iyalin da bai damu da su ba. Kwanan baya a wata jana'iza a Maradun ya zauna kusa da ni yana ƙorafi, wai manhajar da suke tsara rubutu da ita ta sabunta kanta ba da izininsa ba, duk maɓallan da ya saba sun sake wuri, ya kwana biyu bai iya fitar da shafi guda ba.

Na tambaye shi ko sun liƙa musu 'yan takardu. Ya ce a'a.

Na ce, "Allah shi ƙaro sabon tsari, Akawu."

Liman ya juyo ya dube mu, dole Akawu ya ce amin.