Ƙaurin Rake a Taba

Ranar Talata ce, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai, ana tsakiyar rikicin zaɓe. Shekarata goma sha huɗu. Da sassafe Baba ya ɗaura wa doki injin matse rake, sannan ya gangara fadama yankan wani raken. Inna ta hura wuta a ƙarƙashin kaskon mazarƙwaila, ni ina kwashe kumfa. A lokacin hancina ya fi idona aiki. Daga ƙofar gida nakan gane ruwan rake ya nuna.

Da hantsi muka ji ƙauri. Inna ta harare ni, wai na bar kasko ya kama. Na rantse ban bari ba. Muka tsaya muna musu, muna leƙa kasko. A Taba, inda kowa ke dafa rake, wa zai gudu don ya ji ƙauri? Da a lokacin na ruga fadama, da na kira Baba.

Sai ganga. Sai ihu. 'Yan bangar siyasa ne, sun cinna wa rakenmu wuta ta gefe uku, don Baba ya ƙi jam'iyyarsu a bainar jama'a. Na san biyu a cikinsu. Sun sha cin mazarƙwailarmu kyauta, marasa kunya.

"A ƙone har bukkarsu!" in ji babbansu.

Inna ta fizgi rigar Baba daga kan igiya, ta fizgi hannuna. Muka bi ta gonakin dawa ba takalmi. Azahar ta same mu a bayan Makarfi, ba mu shiga gari ba. Washegari da la'asar muka isa Kurmin Kogi, gidan kawuna. Kwana uku muna kallon hanya. A na huɗu aka zo yi mana gaisuwar rasuwar Baba.

Shekaru ina shinshinar rigar nan: gumi, goro, hayaƙin kara. Da warin ya bar rigar, sai ya zauna a kaina.

Yanzu na haura saba'in, hanci ya mutu. Ko daddawa aka kai min baki ba na ji, jikoki har dariya suke min. Amma ƙaurin ranar ba ya buƙatar wuta. Ina zaune kan tabarma sai ya taso min, har in tofar da yawu. Wannan ne ke ƙona min rai: tsufa ya tashi kwashe wari, ya bar min ƙaurin wutar 'yan banga.

Fadama ta tafi. Doki ya tafi. Ba a kama kowa ba. Bara na ɗauko rigar, na rufe ido na nemi warin Baba a kaina. Babu.