Abin da ke Bayan Tanki

A gidan abincin da ke bakin tasha, Lafiya-Lau ake ce mata, don ko zazzaɓi na kaɗa ta, amsarta ke nan. Aikinta wanke-wanke ne a lungun bayan kicin, kusa da tankin ruwa. Tun da ƙuruciyarta take wurin har furfura ta fito mata, ba a taɓa jin ta fasa ko kofi ba.

Uwar ɗakinta kan ce, "Ke dai hannunki auduga ne."

Alhali tana fasawa kamar kowa. In tangaran ya kuɓuce mata, jikinta kan sandare, ta kasa kunne tana jiran takun wani. In ta dawo hayyacinta sai ta tsince gutsattsarin, ta ƙulle a bakin zane, ta binne bayan tanki.

A gidan kawunta ta koyi haka, inda ta tashi bayan rasuwar mahaifiyarta. Shi ba ya tambayar yadda aka yi, sai dai wa ya yi. Ranar da ta kai masa fasasshen gilashin fitila da hannunta, da bulala ya amsa mata. Daga nan ta riƙe cewa abin da ba a gani ba bai fashe ba.

Da ƙullutu ya fito mata a nono, ta ƙara ɗaure zane a kai, ta ci gaba da wanke-wanke. Sai da ya fashe autarta ta lura da hannu ɗaya take ɗaga baho.

"Inna, buɗe in gani."

"Lafiya lau nake."

"Wannan ki gaya wa masu cin abinci. Buɗe!"

A asibiti likita ya duba, ya ɗago kai.

"Mama, me ya hana ki zuwa tun da wuri?"

Ta sandare, idonta a kan hannunsa. "Ka yi haƙuri, likita. Ba da gangan na yi ba."

Maganin rage raɗaɗi kawai aka ba ta, aka ce a koma gida.

Tana kwance aka zo sauya tankin da ya yi tsatsa. Masu haƙa suka tono tarin fasassun kofuna da faranti. Uwar ɗakin ta zauna a kan bokiti tana kuka. "Kofi fa! Wa zai yi mata faɗa a kan kofi?"

Auta ta kai wa uwarta labari. Lafiya-Lau ta yunƙura za ta tashi, ta kasa.

"Ta yi fushi ko?"