Malam Waye-a-Samanka da Sashen Mamata

Duk wanda ya taɓa zama da Malam, ko da zaman shan ruwa ne, ya san ba za su rabu ba sai ya tambaye shi, "Waye a samanka?" Ku abokan aikinsa har laƙabi kuka yi masa da tambayar. Ni ba zan kama sunansa ba, ban kama yana raye ba balle yanzu. Ban yi karatun boko ba, maƙwabciyata Malama Rabi ce ke rubuta abin da nake faɗa. In kun ga magana ta yanke, kuka ne ya ci ƙarfina.

Abin da ya sa na ce a rubuta shi ne zuwan da aka yi gidan nan ina cikin takaba, aka ce za a goge Malam daga kwamfuta, shi da duk mutanen da ya tara a ciki. Bari in ɗauko daga tushe, don ku san abin da aka so gogewa.

Ranar da mai neman autarmu Zainabu ya zo gaisuwa, ina laɓe a bayan ƙofar zaure. Yaron ya durƙusa, gumi har ya jiƙe masa hula. Malam ya ce, "Mece ce sana'arka?"

"Kayan babur nake sayarwa a Mai'adua, Baba. Shagon kaina ne."

"To waye a samanka?"

Yaron ya kalli tabarma, ya ce, "Allah, Baba."

"Wannan na kowa ne. Daga nan zuwa kanka fa, ba kowa a tsakani?"

"Babu, Baba."

Malam ya shigo cikin gida kamar wanda ya ga gobara. Ya ce, "Ladi, yaron nan yawo yake yi ba layi, ba shugaba!" Na ce, "Malam, miji muke nema wa yarinya ko ma'aikaci?" Sai da na aika wa yaron a asirce da abin da zai faɗa. Ya dawo ya ce mahaifiyarsa ce a samansa. Malam ya miƙa masa hannu, ya ce, "Yauwa, yanzu ka zama mutum."

Kun san aikinsa, shi ne mai kula da ma'aikata a kamfanin matsar man gyaɗa, har da rassan Mashi da Mai'adua. Ya tsufa a cikin takardu lafiya lau, sai manaja Alhaji Bashir, wanda ya gaji kamfanin daga mahaifinsa, ya kawo abin nan da kuke kira manhaja. Yadda Malam ya fassara mini, kowane ma'aikaci yana da ɗan akwatinsa a cikin kwamfuta, da layi da ya tashi daga akwatin zuwa na shugabansa. In mutum ya nemi hutu ko izinin tafiya, saƙon zai bi layin ya faɗa wayar na sama, shi kuma ya danna kore ko ja. Aka ce Malam ne zai jera akwatunan. Jama'a, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tambayar waye a saman wa, aka damƙa masa wannan!

Na dawo daga barkar suna a bayan Kusugu, na tarar an kwashe mini madafa kaf an baje a tsakar gida. Babbar tukunyar tuwo a can sama, ƙananan tukwane a ƙasanta, sai kwanuka jere, muciya da maburgi da ludayi a tsakaninsu a matsayin layi. Na yi salati. Na kai hannu zan ɗauki tukunya, ya daka mini tsawa.

"Kada ki taɓa! Manaja ne."

"Malam, in ban tuƙa tuwo a cikin manaja ba, a cikin wa zan tuƙa?"

Ya duba, ya duba, ya ce, "Ɗauki akawu, ba shi da kowa a ƙarƙashinsa."

Ranar a cikin akawu na tuƙa, tuwon ma bai ishe mu ba.

Rigima ta farko a kan Baba Tanko ce, mai kula da sito, wanda kuka sani kawun manaja ne, ƙanin mahaifiyarsa. Malam ya dawo gida ya ƙi cin abinci. Ya ce, "Ladi, wai in sa kawu a ƙarƙashin ɗan 'yar'uwarsa. Mutumin da ya saɓa shi a kafaɗa yana ƙarami!" Na ce, "To aikin ofis ne, ina ruwanka?" Ashe ya je ya ɗora akwatin Baba Tanko a can ƙololuwa, manaja a ƙasansa.

Ba wanda ya lura sai da tafiyar Kano ta taso wa manaja. Ya shigar da tafiyar a kwamfuta don a ba shi mota da direba, kwamfuta ta ce ana jiran izinin shugabansa. Can a sito wayar Baba Tanko ta yi ƙara, aka karanta masa. Ya ce, "Bashir zai je Kano cikin wannan ruwan? Ba inda za shi." Ya danna ja.

Da kansa manaja ya zo ƙofar gidan nan, ina jin muryarsa daga madafa.

"Malam, kamfanina ne fa!"

"Ranka ya daɗe, naka ne, ba mai ja. Amma Tanko kawunka ne ko ba kawunka ba ne?"

"Kawuna ne, amma ni ke ba shi aiki!"

"To wannan tsakaninka da shi ne. Ni dai hannuna ba zai sa shi a ƙasa ba."

Da ƙyar aka sasanta, aka ajiye akwatin Baba Tanko a gefe, kafaɗa da kafaɗa da na manaja, ba layi tsakaninsu. Ku da kuke tambaya me ya sa kwamfutar Malam kullum a karkace take, yau zan faɗa muku. Guntun katako ya ɗauka daga murhuna ya cusa a ƙarƙashinta ta ɓangaren Baba Tanko, don akwatin tsohon ya ɗan ɗara na manaja tsawo. Wuyansa ya yi ta ciwo saboda kallon allo a karkace, ni ke shafa masa man zafi, amma bai cire katakon ba.

Sai Allah Ya yi wa Malam Lawal rasuwa, shugaban masu awon gyaɗa, amininsa tun suna samari. Bayan an share makoki manaja ya ce a goge akwatinsa a sa wani. Malam ya ce to. Ya dawo gida idonsa jajir, ya ce, "Mutum ya ƙare ƙarfinsa a wuri, in danna yatsa ɗaya ya ɓace kamar an kore ƙuda? Ba da ni ba." Ya bar akwatin yadda yake, da mutanen da ke ƙarƙashinsa, da lambar wayarsa.

Ba a daɗe ba matar marigayin, Hajiya Asabe, ta aiko a kira ni, don tana takaba ba ta fita. Na same ta ta ajiye wayar mijinta can nesa a kan faifai kamar kunama. Ta ce, "Ladi, kullum da safe sai an aiko ana nemansa. Wai Malam Lawal, ba ka zo aiki ba yau." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Ashe kwamfutar ce ke aika wa duk wanda bai zo ba, ita ina ta san an yi jana'iza?

Ban gama farfaɗowa daga wannan ba sai ga Hauwa, mai awo a ƙarƙashin marigayin, da tsohon ciki haihuwa yau ko gobe. Ko zama ba ta yi ba.

"Baba, na nemi hutun haihuwa tun tuni, kwamfuta ta ce ana jiran amincewar Malam Lawal! Maƙabarta zan je in karɓo?"

Malam ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ki yi haƙuri 'yata. Mutum ne mai sauƙin kai, da yana nan da tuni ya danna kore."

Na riƙe baki. Hauwa ta buɗe nata za ta ba shi amsa, sai ta dafe bango ta ce, "Wayyo Mama, bayana!" A tsakar gidan nan naƙuda ta kama ta. Ni na tallafe ta a keke mai ƙafa uku zuwa asibiti, duk hanya tana rantsuwa ba za ta ƙara gaida Malam ba har abada. Allah Ya sauke ta lafiya, namiji. Na dawo na ce masa, "Malam, da yarinyar nan ta mutu a hannuna, me za ka ce wa Allah? Ka riƙe matacce ka saki mai rai." Tunda muke ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Ya zauna gaban tuwonsa har ya huce bai taɓa ba.

Na zaci ya haƙura zai goge. Ina! Bayan 'yan kwanaki ya shigo yana murmushi, hula a goshi.

"Ladi, an yi mini ƙarin girma."

"Alhamdulillahi! Na me?"

"Shugaban mamata."

Kwanon da ke hannuna ya faɗi. Na ce, "A'uzu billahi! Wa ya ba ka?"

"Ni na ba kaina, ba wanda ya nema."

Ashe sabon sashe ya buɗe a kwamfutar, ya sa masa suna Waɗanda Suka Riga Mu. Ya mayar da Malam Lawal can, ya cire lambar wayarsa, ya ba masu awo shugaba mai rai. Sannan ya bi duk wanda ya taɓa aiki a kamfanin ya rasu, maigadi, direban da ya yi haɗari a hanyar Mashi, matar da ke tsince gyaɗa, kowa ya yi masa akwati. To kwamfutar ba ta yarda da sashen da ba shi da shugaba mai zuwa aiki, shi ne ya sa kansa. Na ce, "Malam, kiran mutuwa kake yi?" Ya ce, "Ita ba ta jiran kira. Kuma ban taɓa samun ma'aikata irinsu ba, ba makara, ba neman hutu, ba gulma." Duk Juma'a kafin ya tafi masallaci sai ya buɗe sashen, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da suna yana musu addu'a. Manaja ya gani ya kau da kai.

Zazzaɓi ne ya kwantar da shi da daminar nan. A gadon asibiti, numfashi sama-sama, sai da ya tambayi likita waye a samansa. Don in sa shi dariya na ce, "Kai fa Malam, waye a samanka?" Ya kalle ni, ya ce, "Yaron nan na Mai'adua ya riga ni faɗa." Washegari ya cika.

Ina cikin takaba manaja ya zo, da Baba Tanko, da Hauwa goye da ɗanta, riƙe da kwamfutar Malam. Bayan gaisuwa manaja ya yi ta murza hula, sannan ya ce, "Mama, sashen nan ba shi da shugaba mai rai yanzu, kwamfuta ta ƙi wucewa. Ko a samu wanda zai riƙe shi, ko a goge shi gaba ɗaya, har da Malam. Na tambayi kowa a ofis, ba mai son a kira shi shugaban mamata."

Na ji kamar an sake ɗaukar gawarsa daga ɗakin. Na ce, "A sa ni." Ya ce ba dama, sai ma'aikaci. Na kalli Baba Tanko. Ya ce, "Hajiya, ni na yi kusa da su da yawa, kada su zaci kama aiki na zo yi." Na kalli manaja, ya kalli ƙasa.

Sai Hauwa ta ce, "A sa ni."

Na ce, "Ke da kika rantse?"

Ta ce, "Na yi kaffara, Mama. Wata rana ni ma za a zo kan akwatina, ina so a samu inda za a ajiye ni."

Ta buɗe kwamfutar a kan tabarmata, ta nuna mini wani ɗan akwati da hotonsa, hular nan a goshi. Ta kama yatsana, ni da ban taɓa taɓa kwamfuta ba, muka ja shi a hankali muka sauke shi kusa da Malam Lawal. Layi ya fito daga kansa ya hau zuwa akwatin Hauwa. Baba Tanko ya leƙa, ya leƙa, ya ce, "Yarinya sa'ar 'yarsa a samansa? Wannan katako ba zai yi ba, sai dai a kifa kwamfutar ƙafa a sama." Muka yi dariya har manaja, sannan muka yi kuka har manaja.

An ce mini duk Juma'a Hauwa tana buɗe sashen ta bi sunayen, nasa ne na ƙarshe. Katakon yana nan a ƙarƙashin kwamfutar, na ce kada a cire.

Ya Allah, Kai ne a samansa tun farko, yanzu kuma ba kowa a tsakani. Bai yarda a goge kowa ba, kada Ka goge shi daga rahamarKa. Ka gafarta masa, shi da mutanen da ya tara, in tawa ta zo Ka ajiye ni kusa da shi. Amin.