Riƙon Ƙwaryar Akanta

Akanta ake kiranta a kamfanin, ko da yake ta bar sashen kuɗi tun bara. Mace ce mai matsakaicin tsayi, mai tabarau, ba ta iya dariya da ƙarfi ba. Ta yi shekaru a kan tebur ɗaya, kusa da tagar da ba ta buɗuwa, har kamfanin ya sayo manhajar da ke yin lissafi da kanta. Ita ta koya wa kowa amfani da manhajar, ita kuma ta fara gane cewa kujerarta ce abin zai fara cinyewa. Sai ta shiga kwas a ƙarshen mako, ta ci jarrabawa, ta nemi a mayar da ita sashen kula da na'urori. Darakta ya ce to, ta riƙe shugabancin sashen na wucin gadi, in shekara ta zagayo a duba a tabbatar da ita. Tebur ɗinta na da kuwa, an fitar da shi, an aje injin kwafar takardu a gurbin.

Sashen da ta tarar kullum cikin gobara yake. Yau netwok ya ɗauke, gobe sabar, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanan kamfanin, ta tsaya, ma'aikata su yi cirko-cirko a baranda. A nan ne babban injiniyan, wanda suke kira Ɗan Kwana-kwana, zai taho a guje da igiyar waya a wuya, ya shige ɗakin na'urori, ya fito yana share gumi ana tafa masa. Ba wanda ya taɓa tambayar wa ya kunna wutar, alhali sau da yawa shi ne ya yi taɓe-taɓensa da rana tsaka.

Akanta ta zo da ɗabi'ar 'yan kuɗi: wanda ya shigar da abu ba shi ke amincewa da shi ba. Ta kafa doka, ba mai taɓa na'ura sai wani ya duba abin da zai yi.

"Haba Anti, nan fa ba banki ba ne," in ji Ɗan Kwana-kwana.

"Na sani, ƙanena. Kira wani ya duba."

Sun yi gunaguni, sun yi mata suna a bayan ido, amma gobara ta mutu. Wata ya bi wata ba a ji ihun kowa ba. Barandar ta koma wurin wucewa kawai. Wallahi abin takaici, tun daga nan aka manta da akwai wani sashe a ƙarshen ginin. Darakta ya haɗu da ita a matakala ya ce, "Af, kina nan ashe?"

Da lokacin tabbatarwa ya matso, maigidanta ya zaunar da ita a falo. Shi tela ne, ya san mutane.

"Ke ma dai," ya ce. "Wanda ya kawo mini riga a yage shi ke yi mini godiya. Wanda na ɗinka wa mai ƙwari ko waiwayowa ba ya yi. Ki bar wani abu ya lalace mana, ki gyara a gabansu."

"Ka ji ka da wata magana!"

"To, yaran nan dai da aikinki muke riƙe su. Ɗinkin ma kin ga yadda ya zama."

Ta san gaskiya ya faɗa.

Da safen ranar da za ta gana da Darakta, ta leƙa ɗakin na'urori kamar yadda ta saba. Sai ta ji ɗumi ya daki fuskarta. Na'urar sanyaya ɗakin ta mutu, fitilarta na ƙifta ja. In aka bar ta haka, kafin rana ta take sabar za ta yi zafi ta kashe kanta, kamfani ya tsaya cak. Ba kowa a wurin. Ta ja ƙofa ta koma teburinta, ta zauna. Ta ga kanta tana gudu a baranda, ana buɗe mata hanya, Darakta yana kiranta da muƙaminta. Ta buɗe kwamfuta, ta kasa karanta ko layi ɗaya. Ta tuna abokan cinikin da ke zuwa karɓar kaya a ƙasan ginin, waɗanda za su wuni a tsaye. Kai, ba za ta iya ba! Ta tashi ta kunna na'urar ko-ta-kwana, ta kira mai gyara, ya zo ya canja wani ɗan ƙarfe ya tafi. Ko mai shara bai san an yi ba.

Darakta ya karɓe ta da fara'a, ya sa aka kawo mata ruwa.

"Mun gode da riƙon amana," ya ce. "Amma ki duba, sashen nan yanzu tafiyar da kansa yake yi. Ba ya buƙatar shugaba da mataimaki. Mutum ɗaya ya isa, kuma hukumar gudanarwa ba ta manta da irin ceton da injiniyanmu ya sha yi mana ba."

"Ranka ya daɗe, ai rashin matsalar shi ne aikin."

"Haka ne, haka ne," ya ce yana duba wayarsa. "Da ma akwai gurbi a sashen kuɗi, da sai ki koma. To kin san yadda manhajar nan ta yi."

Ta sani sarai. Ba tsuntsu ba tarko ke nan. Ta fito. A baranda Ɗan Kwana-kwana ya tare ta, ya ce ta yi haƙuri, shi ma bai nemi muƙamin ba. Ta roƙe shi abu ɗaya, kada ya soke dokar dubawa. Ya ce za a gani.

A gida ta tarar da maigidan a kan keken ɗinki. Ya ɗago ya dube ta.

"Kin bari ya lalace?"

"Ya lalace da kansa ma," ta ce, tana cire takalmi. "Na gyara kafin su gani."

Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da taka keken.