Mai Tarbar Gawa a Filin Jirgin Yola

Zadok ɗan dako ne a filin jirgin saman Yola, tun lokacin da kamfanin jirgin da yake yi wa aiki yake amsa sunan Shamuwa. Gajere ne, ba ya da yawan magana, gidansa na unguwar Bekaji. Aikin da aka ɗauke shi a kai sauke kaya ne, amma Jimeta ta san shi da wani abu daban.

Mutanensa na Numan da Guyuk, in nasu ya rasu a Legas, sai an kawo shi gida an binne. Akwatin gawa kuwa cikin kaya yake zuwa. Zadok ne ya kafa doka ba da izinin kowa ba: ba a ɗora komai a kan akwati, kuma kan mamaci ne ke fara fitowa. Kafin jirgi ya sauka zai je wurin dangi ya tambayi sunan mamacin. Da an buɗe cikin jirgi sai ya cire hula, ya dafa akwatin, ya kira sunan, ya ce, “Sannu da zuwa gida.”

Aka haɗe Shamuwa da wani kamfanin Legas, suka zama Haɗaka. Aka sake fenti, aka sake riguna. Zadok ya sa sabuwar riga ya ci gaba da abinsa. Bayan wasu shekaru aka sayar da Haɗaka, aka laƙaba mata wani sunan Turanci da ko manajan sai ya yi tuntuɓe kafin ya faɗa. Waɗannan ne suka ce tsofaffi sun yi yawa. Mutumin da ya tsufa a gindin jirginsu, suka sallame shi kamar an kori kaza daga tsakar gida. Wallahi abin da takaici.

Sai matarsa Keturah ta kwanta ciwo. Ɗansu Othniel ya kai ta asibiti a Legas, can rai ya yi halinsa. Zadok bai roƙi kowa komai ba. Abu ɗaya yake so, ya sauke ta da hannunsa.

Ranar da za a kawo ta, ya goge tsohuwar rigarsa ta Haɗaka ya tafi. Mai gadi ya tare shi a ƙofa.

“Baba, wannan kamfanin ai ya mutu.”

“Na sani, ɗana. Matata ce a cikin jirgin.”

“Allah ya ba da haƙuri. Amma ba ka cikin ma'aikata.”

Aka kira manaja a waya, ya ce doka doka ce. Wace doka? Su da suke sauya suna kamar riga, yau su ne masu doka a kan gawar matar mutum.

Zadok ya zagaya ya tsaya a bakin wayar shinge, ya riƙe ta da hannu biyu. Yana kallo aka jawo Keturah ta wajen ƙafa, aka ɗora ta a amalanken kaya, aka jibga mata kwalayen 'yan tsaki da tayar mota a kai. Masu saukewar suna ta hirar ƙwallo. Ba mugunta ba ce, ba wanda ya taɓa koya musu, don an kori mai koyarwar.

Ya cire hularsa. Injin jirgi na ruri, ba mai jin sa.

Ya ce, “Keturah, sannu da zuwa gida.”

Mai gadi ya taɓa kafaɗarsa, ya ce ya matsa daga jikin wayar.