Na ga Sadiƙu tun kafin a haife shi

Jiya bayan azahar na ɗan kishingiɗa a zaure, sai na yi wani mafarki wanda har yanzu in na tuna tsigar jikina tashi take yi.

Bari in fara gaya muku halin da nake ciki. Babban ɗana Sadiƙu ba ya magana, ba ya haɗa ido da kowa. Likita ya ce wata lalura ce da ake kira galahanga. Dangi suka ce ai allurar rigakafin nan ce da ake haɗa cututtuka da yawa a ciki. Likita ya ce an bincika, babu ruwan allura, amma ni da kunnen ƙashi na hana matata Hauwa ta kai ƙanwarsa Ummi rigakafin. Ga shi kuma ƙyanda ta shigo unguwarmu.

A mafarkin na gan ni a wani fili mai farin yashi. Ba rana, ba wata, amma ko'ina haske. Yara ne iya ganin ido, babu mai kuka ko ɗaya. Wata murya ta ce, "Waɗannan ba a haife su ba tukuna." Na waiga, ban ga kowa ba.

Sai kawai na hango Sadiƙu a gefe shi kaɗai, yana jera tsakuwoyi daidai yadda yake jera murafan kwalba a tsakar gida, yana wannan ɗan gunagunin nasa mai kama da waƙa. Na kama damtsensa na duba. Sumul, ko tabon allura babu. Na ce, "Sadiƙu, ashe dama haka kake tun daga nan?" Ya ci gaba da jera tsakuwoyinsa. Amma duk tsakuwar da ya ajiye sai ta kama haske, har layin ya miƙe ya hau sama. Wallahi ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba, bakina sai tasbihi.

Sai kawai yashin ya zama ruwa, ga ni a bakin rafin ƙauyenmu. Ga Yaya Talatu, wadda ƙyanda ta yi ajalinta tun muna yara. Yayata ce fa, amma ni da furfura a gemu, ita ko haƙoran gaba ba su gama fito mata ba. Tana goye da Ummi. Ta dube ni tana murmushi, ta ce, "Ƙanena, ka bar mini ita ne?" Ta gyara goyon, ta sa ƙafa cikin ruwa.

A nan na farka, jikina sharkaf da gumi. Ko takalmi ban tsaya nema ba na shiga ɗaki na taɓa goshin Ummi. Sanyi ƙalau. Hauwa ta ce, "Baban Sadiƙu, lafiya?" Na tsuguna kusa da Ummi ina ta kallonta.

Gobe ne ranar allura a asibitin unguwa. Jama'a, masu sanin fassara, don Allah ku taimake ni. Tsorona ne ya biyo ni cikin barci, ko gargaɗi aka yi mini? In kuwa gargaɗi ne, ban makara ba ko?